Katin da Na Bari a Gindin Mangwaro

Na yi yawo a duniya daidai gwargwado, kuma na ga abin tsoro iri-iri. Injin jirgin ruwa ya taɓa mutuwa da mu a tsakiyar kogin Kongo, sojoji sun taɓa tsare ni yini guda a kan iyakar Chadi. Duk waɗannan sun dushe a raina, sai na yi ƙoƙari nake tuna su. Amma akwai wata la'asar guda a kan hanyar Zonkwa zuwa Kachia, ƙasar da aka haife ni a cikinta, wadda ba za ta bar ni ba har ranar da za a sa ni a rami. Abin da ya kusa halaka ni ranar kuwa ba komai ba ne sai 'yan katunan da nake koyon karatu da su.

Aikin haƙa rijiyoyin burtsatse na yi duk rayuwata, shi ya kai ni ƙasashe. Duk inda na zauna sai na tsinci harshen wurin. Ban da yarenmu da Hausa da Turanci, na iya Faransanci, na iya Lingala, ina kuma taɓa Larabcin kasuwa irin na Chadi. Na dawo Kafanchan na yi ritaya ina taƙama da wannan. Sai 'yar autarmu ta tafi karatu Japan, ta yi aure a can, ta haifi 'ya mace. Yarinyar ta fara magana, muna ganinta ta waya tana zuba surutu, ni kuwa ko kalma ɗaya ba na kamawa, sai uwarta ta fassara. Da ta shiga makaranta ta aiko mini da wasiƙa da hannunta. Na juya takardar nan sama da ƙasa, ban ma san ta inda ake farawa ba. Mutum mai harsuna shida, amma sai da tafinta tsakaninsa da jikarsa. A ranar na ƙudura zan koyi Japananci, ina da shekara saba'in da ɗaya.

Ba malami a kusa, ni kaɗai na fara. Rubutunsu kashi uku ne. Biyu daga ciki haruffan sauti ne, cikin wata guda na gama da su. Na ukun shi ne kanji, alamomin da suka aro daga Sin, kowace alama da ma'anarta, kuma sai mutum ya san wajen dubu biyu kafin ya karanta jarida. Faransanci kunne yake wahalarwa, Larabci maƙogwaro, shi kuwa wannan ido yake azabtarwa. Sai na je wurin masu buga katin aure na sayi farar takarda mai kauri, na yanyanka ƙanana. A fuskar kowane kati in zana alamar da baƙin alƙalami, a bayansa in rubuta ma'anar da Hausa. Ina da gwangwanin madara uku: na waɗanda zan duba kullum, na mako-mako, da na wata-wata. Katin da na ci ya matsa gaba, wanda ya kayar da ni ya koma gwangwanin farko.

Matata takan leƙo ta gan ni na baza su a kan tabarma, ta ce, "Baban yara, in baƙo ya shigo yanzu cewa zai yi boka na aura." Mu yi dariya. Ban san maganar za ta dawo mini ba.

'Yata kuma ta aiko mini da kwali guda na littattafan labari cikin zane, waɗanda suke kira manga. Ta zaɓi na samari ne saboda ana sa ƙananan haruffa a gefen kowace kanji don a nuna yadda ake furta ta. Sai dai yawancinsu labarin mayaƙa ne masu takubba. Duk kalmar da na ci karo da ita sai in yi mata kati. Saboda haka na san kalmar takobi da maƙiyi da ramuwa tun kafin in san kalmar cokali.

Akwai kuma wata dabara da wani tsohon malami ya koya mini a Kamaru lokacin da nake fama da Faransanci. Ya ce in kana so kada ka manta abu, ka rataye shi a wani wuri da ka sani. Ni kuwa ina da 'yar gonar citta a wajen Kachia, sau biyu a wata nake shiga bas in je in duba ta. Sai na mayar da hanyar nan wurin rataya. In zauna kusa da taga, duk abin da na gani wanda ya yi kama da wata alama ko ya tuna mini ma'anarta, in rubuta shi a bayan katin, ƙarƙashin ma'anar. Gada, coci, rumbu, mai tallar ƙosai, duk na rataya musu kalmomi. Dabarar ta yi aiki sosai. Bayan 'yan watanni hanyar ta cika, na daina ma duban taga. Da na shiga mota sai in sunkuyar da kai a kan katunana, hanyar da ke cikin kaina ta ishe ni.

Lokacin tonon citta ne abin ya faru. Kamar mako biyu kafin nan an ce 'yan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye a gefen hanyar, sun kashe mutane sun ƙona dukiya. An sanar a coci, muka yi addu'a, kamar yadda muka saba. Kunya nake ji in faɗa, amma ban tambayi ko wane ƙauye ne ba.

Muna dawowa daga Kachia wajen ƙarfe uku da rabi, kaina a sunkuye, sai na ji direba ya taka birki. An gindaya gungumen itace a hanya. Matasan ƙauyen ne suka kafa shinge, sun fi ashirin, da adduna da sanduna, biyu da bindigar mafarauta. Wani dogo mai baƙin ƙyalle ɗaure a damtse shi ke ba da umarni. Ya ce kowa ya sauka da jakarsa. Ban ji komai ba. An sha tare ni a ƙasashen da ban san kowa ba, balle a gida.

Da aka zo kaina, wani ya zuge jakata ya fito da katunan, ɗauri-ɗauri da roba. Ranar duka na kwaso, sun fi ɗari huɗu, don ina so in yi bitar wata. Ya duba fuskar ɗaya, ya juya bayan, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya miƙa wa dogon.

"Baba, wannan mene ne?" in ji dogon.

"Karatu ne, ɗana. Rubutun Japan nake koyo."

"Rubutun Japan." Ya maimaita a hankali. "A rubutun Japan ne aka sa gadar garinmu?"

Ya tsinke robar, suka rarraba katunan suna dubawa, suna ware wasu. Sai suka koma yarensu, wanda ba nawa ba ne, ba na jin ko gaisuwa a cikinsa. Na ji muryoyi suna hawa. A nan ne na fara duban kaina da idonsu: tsoho mai furfurar gemu, da kaftani da hula, da Hausar da ta goge saboda shekarun da na yi aiki a Kano. Ba wanda ya san ni.

Na ce ni ɗan ƙasar nan ne, na faɗi unguwarmu a Kafanchan, na ce dattijo ne ni a ikilisiyarmu. Suka ce in yi addu'ar Ubangiji. Na yi ta daga farko har ƙarshe. Wani daga baya ya ce, "Wanda ya iya haddace wannan zane-zanen, addu'a ce za ta gagare shi?"

Dogon ya juya wurin direba. "Ka san shi?"

Direban bai dube ni ba. "Yana shiga motata. Amma gaskiya ban san gidansa ba. Kullum dai yana riƙe da takardun nan."

Aka janye gungumen, aka ce sauran su tafi. Wata mata a cikin motar ta ce, "Ku ji tsoron Allah, tsoho ne," amma a hankali ta faɗa, kuma motar ta riga ta fara motsi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin da na ga bayan bas ɗin nan yana ƙanƙancewa ba.

Suka tasa ni gaba zuwa cikin gari, suka zaunar da ni a ƙasa a filin makarantar firamare. Mai unguwa ba ya nan, an ce ya tafi taro Zonkwa. Wannan ya ƙara tsinka mini zuciya, don na san abin da taron jama'a yake iya yi in ba babba a cikinsa. Kafin minti goma mutane sun kewaye ni, maza da mata. Aka kira wani malamin makarantar, siriri mai tabarau, aka ba shi katunan da aka ware, kamar goma sha biyu, aka ce ya karanta kowa ya ji.

Ya fara. "Wuta. Rumbun da ke bayan gida mai jar ƙofa, in an wuce gada."

Dukansu suka juya suka dubi gefe guda, ni ma na bi su da ido. Ga gidan can a ƙetaren fili. Ƙofar ba ja ba ce kuma, ta yi baƙi, rufin ya rufta. Inda rumbun yake ba komai sai da'irar toka. Sau biyu na wuce wurin nan bayan an ƙona shi, kaina a sunkuye, ina ganin rumbun tsaye lafiya lau a cikin kaina.

"Shiga," malamin ya ci gaba. "Ƙaramar hanyar da ta bi bayan coci."

Wata mata ta ɗora hannu a ka. "Ta nan suka shigo."

"Maƙiyi. Dutsen da ke kallon garin." "Gudu. Gangaren rafi." "Mutuwa." "Takobi." Kowane kati da wurinsa, kuma duk wuraren nasu ne. Ni da kaina, da nake ji ana karantawa, sai na ji kamar shirin kai hari nake saurara. Da wani aka kama da su, ni ina cikin taron, ban san abin da zan ce ba.

Aka zazzage jakata, littafin zane ya faɗo. Wani ya buɗe shi ta hagu ya ga bai yi daidai ba, ya juya. "Ku duba, daga dama yake buɗewa, kamar na Larabci." Na ce haka littattafan Japan suke, ba wanda ya ji ni. Ya yi ta buɗawa har ya kai shafin da mayaƙa a kan dawaki suke cinna wa wani ƙauye wuta. Ya ɗaga shi sama ya zagaya da shi.

Na roƙa a bar ni in kira waya. Dogon ya ce in kira, amma a buɗe murya kowa ya ji. Na kira matata, wayarta a kashe, ranar zumuntar mata ce, tana cikin coci. Na kira 'yata a Japan, da ƙyar layin ya shiga, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can sun riga mu da awa takwas, ta daɗe da yin barci. Dogon ya karɓe wayar ya sa a aljihu.

"Ka ce karatu ne," ya ce. "To, bari mu gani." Ya ɗaga wani kati, fuskar tana kallona, bayan yana kallonsa. "Wannan fa?"

Na faɗi ma'anar da wurin. Ya ɗaga wani, na faɗa. Ya ɗaga na uku, na huɗu, har bakwai, ban kuskure ko ɗaya ba. Kuma ga wautar ɗan Adam: a cikin wannan hali, sai da na ji ɗan daɗi a raina cewa na ci duka, kamar ɗalibi a gaban allo. Na ɗauka na wanke kaina ke nan.

Ya juya ga jama'a. "Kun gani? Ya haddace garinmu kaf. An ɓoye shi cikin zane don in an kama shi kada a gane."

Daga nan ban iya tuna komai a jere ba. Na tuna wani ya buge mini hula. Na tuna malamin yana cewa, "Mu jira mai unguwa, mu kai shi wurin hukuma," ana ture shi. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar wata tsohuwar taya da wani yake garowa daga bakin hanya, tana tsalle a kan tsakuwa. Na san ma'anar taya a irin wannan taro, na taɓa gani a wani birni, na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawa. Duk harsunan nan shida, na nemi kalma ɗaya a cikinsu na rasa. Na yi ƙoƙarin yin addu'a, abin da ya zo mini kawai shi ne wasiƙar jikata da ke cikin Littafi Mai Tsarki a gida, wadda saura layi biyu in iya karanta ta duka.

Sai taron ya buɗe hanya. Wata mata ce ta shigo, za ta yi shekara sittin, da baƙin zane da baƙin ɗankwali, tana tafiya a hankali kamar wadda ta tashi daga ciwo. Ta tsaya a kaina. Ba hawaye a idonta.

"Rumbun nan nawa ne," ta ce. "Baba, me na yi maka ka sa mini wuta a takarda?"

Ban san daga ina murya ta zo mini ba. Na ce, "Mama, ba ki yi mini komai ba. Bara na wuce a mota, na gan ki kina dafa abu a babbar tukunya kusa da rumbun. Kin ɗaga hannu biyu kina korar kaji, tartsatsi yana tashi dama da hagu. Alamar wuta a rubutun nan haka take, kamar mutum tsaye da tartsatsi biyu a gefensa. Na rubuta ne don kada in manta."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dubi tarin katunan da aka watsar kusa da jakata. "Waɗancan fa? Su ba a karanta su?"

"Mama, waɗancan ba komai a ciki," in ji dogon. "Mun riga mun ware masu maganar."

"Kai ka ware. Ni ban ji ba." Ta juya ga malamin. "Malam, karanta duka. Tsohon nan ba gudu zai yi ba."

Aka yi gunaguni, amma ba wanda ya iya yi mata musu, ita ce mai makoki. Aka kawo mata kujera ta zauna. Malamin ya durƙusa ya tattara katunan, ya fara.

"Ruwan sama. Kwanon makarantar da iska ta ɗage." "Uwa. Mai ƙosai a mararraba, da goyo." "Tsada. Mai sayar da doya kusa da gada."

Wata ta ce, "Ai kuwa ya san shi," wasu mata suka yi 'yar dariya suka haɗiye ta.

"Kare. Na gidan fasto, mai bin mota." "Wanka. Yara a rafi." "Jira. Tsohuwa da buhun gawayi a bakin hanya." Ya yi ta karantawa, goma, hamsin, ɗari. Rana tana sauka. Mai taya ya jingina ta da ƙafarsa. Ni dai ina kallon tayar, duk kati ɗaya da aka karanta ina lissafa shi a matsayin numfashi ɗaya da aka ƙara mini.

"Gida," in ji malamin. "Alade a ƙarƙashin rufi." Ya ɗago ya dube ni. "Wannan ba ka sa wuri ba."

Na ce ba ya bukata, haka alamar take da kanta: rufi a sama, alade a ƙasa, shi ne gida. Wani tsoho mai sanda ya ce a miƙo masa ya gani. Ya juya katin, ya ce, "To, waɗannan mutanen ai namu ne. Gidan da ba alade ai ba gida ba ne." Wannan karon dariyar ta ɗan fi ƙarfi. Dogon bai yi ba. Ya ce, "Ana sa irin waɗannan don a rufe na gaskiyar. Malam, yi sauri."

Sun kai wajen ɗari uku lokacin da malamin ya ɗauko wani kati da ya yi laushi saboda yawan taɓawa, gefensa da tabon manja. Ya karanta.

"Hutu. Mutumin da ke jingine da mangwaro a gida mai jar ƙofa, da jar hular ulu, yana gyaran rediyo, yana dariya shi kaɗai."

Matar ta miƙe tsaye.

"Sake karantawa," ta ce.

Ya sake. Ta miƙa hannu ya ba ta katin. Ba ta iya karatu ba, amma ta shafa rubutun da yatsa, ta juya ta dubi alamar. Sannan ta dubi dogon, ta yi masa magana da Hausa, ina jin don ni ma in ji.

"Hular nan ina take?"

Ta matsa kusa da shi.

"Na ce hular babanka ina take? Ba kai ka ɗauke ta ka tafi da ita Kaduna tun Kirsimetin bara ba? Ya yi ta mita har Ista. Tun daga lokacin ka ƙara ganinta a kansa?"

A lokacin na gane ɗanta ne, na kuma gane mijinta ne aka kashe a gidan. Dogon ya sunkuyar da kai.

"Takardar nan ta fi shekara," ta ce wa jama'a. "Kuma wanda ya zo leƙen gari don a ƙona shi, ba zai tsaya rubuta cewa tsoho yana dariya da rediyonsa ba." Ta juyo gare ni. "Baba, nuna mini. Ina shi a cikin zanen?"

Na zana alamar da yatsa a ƙasa, babba. Na ce, "Wannan na hagu mutum ne. Wannan na dama itace ne, ga gangar jikinsa, ga rassa, ga saiwa. Mutum ya jingina da itace, shi ne hutu."

Ta durƙusa ta kalli zanen. "Haka yake zama," ta ce. "Kullum in ya dawo gona, haka yake zama." Sai a lokacin hawaye ya zo mata. Matan suka matso suka riƙe ta.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Na ji wasu suna cewa ko ma dai mene ne, bai kamata a sake ni haka ba. Amma abin da ke riƙe da taron ya riga ya tsinke, mutane suka fara janyewa biyu-biyu. Tayar tana nan kwance a fili, ba wanda ya ƙara kallonta. Dogon ya zo ya ajiye wayata a kan jakata, ya ɗauko hulata ya kaɗe ta ya miƙo mini da hannu biyu.

Ina tattara katunan, matar ta ce, "Baba, wannan ɗaya zan riƙe. Hotunansa duk sun ƙone a ɗaki."

Na ce ta riƙe. Na so in ba ta haƙuri, na so in yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Sannu, Mama." Ta ce, "Sannu, Baba. Ka tafi gida kafin rana ta faɗi."

Malamin ne ya goya ni a babur ɗinsa zuwa Zonkwa. A hanya ya ce mini, "Baba, da ka taɓa sauka sau ɗaya ka sha ruwa a garin nan, da wani ya ce ya san ka." Ba da faɗa ya faɗa ba, amma har yau maganar tana ci na.

Na yi wata biyu ban taɓa gwangwanayen nan ba. In na ji yaro yana gara taya a layinmu sai gabana ya faɗi, har yanzu ma wani lokaci. Matata ce ta ce tsoron ba zai sake ni ba sai na koma garin. Wata Lahadi bayan sujada muka ɗauki buhun masara muka je. Muka tarar da matar nan mai rumbu a ɗakin da 'yan coci suka gyara mata. Ta sa katin a cikin leda ta maƙala a bango, inda ake rataye hoto. Ɗanta ya kawo mana ruwa. Muka zauna a gindin mangwaron, wanda wuta ta ci gefe guda amma bai mutu ba, suka ba ni labarin mutumin da na sani shekara guda a bayan kati ban san sunansa ba. Yanzu duk lokacin da zan je gona sai na sauka a garin, na koyi gaisuwarsu, suna yi mini dariyar yadda nake karya ta.

Na koma karatuna. Na sake rubuta katunan duka, ban ƙara rataya kalma a ƙofar wani ba. Wasiƙar jikata na karanta ta har ƙarshe, layi biyun da suka rage tambayata take yi ko akwai itatuwa a gidanmu. Katin hutu kuwa ban sake yin wani ba. Ba na bukatarsa.

Abu biyu na koya a filin makarantar nan. Na farko, mutumin da tsoro da baƙin ciki suka cika shi kati goma sha biyu yake warewa daga cikin ɗari huɗu, kuma a kan waɗannan zai yanke hukunci. Raina ya tsira ne saboda mace ɗaya, wadda ta fi kowa dalilin yin fushi, ta ce a karanta duka. Tun daga ranar, in aka kawo mini maganar wani, nakan tambaya ina sauran. Na biyun kuwa laifina ne. Na yi shekara ina ɗibar gidajen mutane da fuskokinsu ta tagar mota don amfanin kaina, ban taɓa sauka na ce musu sannu ba, har aka ƙona su ban ɗago kai ba. Ina ta ƙoƙarin jin maganar mutanen da ke wancan gefen duniya, alhali na kusa da ni ko gaisuwarsu ban sani ba. Koyon harshen nesa abu ne mai kyau, ina kan yi har gobe. Amma wanda kake wucewa ta ƙofarsa, ka fara tsayawa ka gaishe shi.